Farar hoda ta cika mana kwamin iyo, ni da maigida ba ma magana

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Teksas da maigidana da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 4. Bara muka sayi gida mai kwamin iyo a baya. Da akwai mutumin da ke zuwa duk sati yana kula mana da shi, sai wata biyu da suka wuce Abban yara ya sallame shi wai kuɗin ya yi yawa, shi zai dinga yi da kansa tunda komai akwai a YouTube. Ranar Lahadi ya wanke filta ya zuba wata farar hodar tace ruwa da suke ce wa DE, kafin ka ce kwabo ruwan ya koma fari kamar an dama koko, washegari ga hodar nan kwance a ƙasan kwamin. Litinin ina wurin aiki ya bar yaran suka shiga, na dawo na tarar idon ƙaramar ya yi jawur tana ɗan tari. Na je gareji na ɗauko buhun na karanta, Anti wallahi sai da ƙafata ta kasa ɗaukata, an rubuta tana iya jawo ciwon daji da ciwon huhu. Ban san lokacin da na ce masa so yake ya kashe min 'ya'ya saboda rowa ba, kuma a gaban Hajiyarsa na faɗa, ta zo mana hutu daga Kano. Hajiya ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba, su a kududdufi suka yi wanka ruwa jawur ba abin da ya same su. Yau kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu da shi. Ga shi ranar Asabar mun gayyaci iyalai huɗu cin abinci, yaransu duk ɗokin iyo suke. Shi ya ce hodar ba guba ba ce za ta kwanta da kanta, ni na ce sai an zubar da ruwan gaba ɗaya. Yarana sun kamu da wani abu ne? In fasa taron? Ni ce da laifi?

Maman biyu, Teksas

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma kafin mu shiga maganar wa ke da laifi bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukarki: wankan da yaranki suka yi ranar Litinin ba zai sa musu ciwon daji ba. Ki sauke ajiyar zuciya, ki sha ruwa, sannan mu ci gaba.

Ƙaramar ce farko. Jan ido bayan an yi iyo a ruwa mai gari-gari ba abin mamaki ba ne, hodar nan in kin murza ta a yatsa kamar alli za ki ji ta, amma ƙwayoyinta masu kaushi ne suna kankarar ido da fata, ga kuma kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da wataƙila ba a daidaita ba tunda aikin ya canza hannu. Yawanci in an wanke idon sosai da ruwa mai tsafta kamar minti 15, aka hana ta murzawa, kwana ɗaya ko biyu sai ya washe. In bai washe ba, ko tana cewa akwai abu a ciki, a kai ta a duba. Tarin ne na fi so ki sa wa ido. In har yanzu tana yi ki kira likitan yaranku yau ɗin nan ba gobe ba, in kuwa kin ga numfashinta yana sauri ko yana fita da ƙara, ko zazzaɓi, ko wani barci da kasala da ba halinta ba, toh wannan ba na jiran a ba ki rana ba ne, asibiti kai tsaye. Ba don hodar kaɗai nake faɗa ba, yaro kan shaƙi ruwa garin wasa bai gaya wa kowa ba. Akwai kuma layin masu ba da shawara kan guba a duk faɗin Amurka, 1-800-222-1222, kyauta ne dare da rana, ki riƙe buhun a hannu ki karanta musu abin da ke jiki ki gaya musu shekarun yaran. In kin ji daga bakinsu hankalinki zai fi kwanciya fiye da in kin ji daga nawa.

Ita kanta hodar, ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu, suna mutuwa suna taruwa a ƙasan tafki ko teku tsawon zamani har su zama farin dutse mai laushi, a haƙo a niƙa. Akwai babbar mahaƙarta a Lompoc a jihar Kalifoniya. Abin da zai ba ki dariya, in dai a arewa kika taso toh kin sha shaƙar 'yar uwarta, don hazon hunturun nan da ke rufe Kano da Maiduguri har jirgi ya kasa sauka, da yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi, tsohon gindin tafkin Chadi ne lokacin da yake ƙato, kuma farar ƙasar wurin irin wannan ɓawon ce. Inda suka rabu shi ne ta kwamin iyo an gasa ta a wuta mai zafin kusan digiri 1,000 na Salshiyas don ta fi iya tacewa, gashin nan ne ke juya silikar da ke cikinta ta koma irin ta ƙurar dutse, kuma a kanta aka yi gargaɗin da kika karanta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa irin wannan ƙura cikin abubuwan da ke jawo cutar tun 1997. Amma ki lura da yanda take kama mutum: a shaƙe ta a bushe, yau da gobe, shekara da shekaru, kamar masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da ma'aikatan da ke gasa hodar a masana'anta. Jiƙaƙƙiya a ruwa ba ta tashi ta bi iska, ɗan abin da yaro ya haɗiya kuma ta ciki yake bi ya fice abinsa.

Kinga kenan a gidanku kaf, wanda ya fi kowa kusa da hatsarin da aka rubuta a buhun nan shi ne mutumin da kika zarga. Shi ya farka buhu, shi ya sunkuya ya dinga kamfata yana zubawa, kuma zan iya rantsuwa ko takunkumi bai sa ba. Sau ɗaya ko sau biyu ba zai yi masa komai ba in sha Allahu, amma in shi zai ci gaba da aikin nan duk 'yan makonni tsawon shekaru toh dole ya sa takunkumin N95, ba irin na yadi da muka sa lokacin korona ba, ya tsaya iska tana bayansa, ya dama hodar da ruwa a bokiti ta zama kamar ƙullu kafin ya tsiyaya a bakin zuƙar ruwa, wato ramin gefen kwami da inji ke jan ruwa ta ciki, inji yana aiki, yara kuma suna cikin gida. Ki ajiye wannan a ranki, za mu dawo kansa.

Toh amma kar Abban yara ya karanta ya tsaya nan ya ce ai ga shi Anti ta ba ni gaskiya. Ban ba shi ba. Hodar ba guba ba ce a ruwa, eh, amma barin yara su shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa kuskure ne babba, kuma ya fi wanda kike tsoro muni nesa ba kusa ba. Ke kin ji tsoron ciwon da zai zo bayan shekara ashirin, abin da ke gabanku kuwa na minti biyu ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sha faɗa cewa a Amurka ba abin da ke kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 kamar nutsewa a ruwa, kuma galibi a kwamin gida abin ke faruwa. 'Yarki shekararta 4. Yaro in zai nutse ba ya ihu ba ya fantsama ruwa kamar yanda ake nunawa a fim, bakinsa ne ke shiga yana fitowa yana neman iska, ba shi da numfashin kiran kowa, sai kawai a ga ba a gan shi ba. A ruwa garau babba zai hango inuwa a ƙasa ya faɗa ya ciro shi. A ruwan koko kuwa sai a tafi nemansa a banɗaki da bayan mota alhali yana nan ƙarƙashin ƙafar mutane. Kuma ko hodar ta kwanta ruwan ya yi kamar ya washe da safe, yara biyu suna dira ciki za ta tashi kamar hayaƙi, cikin minti biyar an koma gidan jiya. Shi ya sa maganar “za ta kwanta da kanta” ba ta wuce ba a wurina. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ki tsaya a bakin kwami ki kalli murfin magudanar da ke ƙasan wuri mafi zurfi, in ba ki ganinsa tar da raminsa ɗaya-ɗaya, ba mai shiga, yaro ko babba.

Hajiya kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ƙarya ta yi ba, sun yi wanka a kududdufi sun fito lafiya. Sai dai waɗanda ba su fito ba ba sa nan balle su ba da labari, kuma duk wanda ya zauna Kano ya san ba daminar da za ta wuce ba a ji 'yan kwana-kwana sun ciro yaro daga kududdufi ba, ban da tsargiya da yara ke kwasowa. Amma dan Allah kar ki je ki karanta mata wannan. Ni yanda na fahimta, ba maganar ruwa Hajiya take ba, ɗanta ta ga an muzanta a gabanta ta tare masa, kowace uwa haka za ta yi, ke ma nan da shekara talatin haka za ki yi. Abu ɗaya dai nake so ki duba game da ita: in akwai lokacin da ku biyu kuke wurin aiki ita ke tare da yaran, kuma ba ta iya ruwa ba, toh ƙofar baya a kulle da makulli a sama inda hannun yaro ba ya kai wa, ko ruwan fari ne ko garau.

Yanzu gyaran. Ruwa ba ya tsami banza, hoda ba ta dawowa kwami haka kawai. Ɗan farin hayaƙi na 'yan daƙiƙu daga bututun da ke dawo da ruwa bayan an zuba sabuwa, wannan ba komai ba ne. Amma wadda ta mayar da ruwa fari ta kwanta a ƙasa, toh akwai inda take bi. A cikin tankin filtar akwai wasu faifai lanƙwasassu da aka lulluɓe da ƙyalle, galibi guda 8, hodar a jikinsu take mannewa ruwa ya ratsa ta, shi ya sa irin wannan filta ke kama datti mai ƙanƙantar maikiron 3 zuwa 5 alhali kaurin gashin kanki ɗaya kusan maikiron 70 ne. In ƙyallen ɗaya ya yage, ko robar da ke haɗa kawunansu a sama ta tsage, ko zoben robar da ke wuyan bututun ciki ya cinye, ko robar cikin bawul, wato makunnin da ke juya hanyar ruwa, ta saki, hoda ta samu hanya kenan. Wani lokacin ma ba abin da ya lalace, mutum ne ya bar hannun bawul inda aka rubuta RECIRCULATE, ruwa ya zagaye filta bai shiga ba ya kwaso hodar ya juye a kwami, ko kuma ya juya hannun inji yana aiki, wanda shi ne saurin kashe robar. Zuba fiye da ƙima ma yana ƙara dagula abin. Lissafin da aka saba shi ne laba ɗaya, kusan rabin kilo, ga kowane murabba'in ƙafa 10 na filta, kuma bayan wankin baya, wato in an juya ruwa ya bi filta ta baya ya wanke ta, ba a zuba cikakke sai kamar kashi 80 cikin 100 don akwai tsohuwa a ciki, adadin yana rubuce a jikin tankin.

Mun taɓa haya a gida mai irin filtar nan, haka muka yi sati muna zuƙe hoda tana dawowa, muna zuƙewa tana dawowa kamar mai tara ruwa a kwando. Ranar da aka buɗe tankin aka wanke faifan ɗaya bayan ɗaya da mesa, sai ga yagewa a bakin ɗinki, wallahi ba ta fi farcen ɗan yatsana ba, sai da mai gyaran ya ɗaga faifan a rana sannan muka gan ta. Ita ce ta hana mu sakat sati guda. Na ba ki labarin ne don ki san abin da ya faru ba lallai gangancin mijinki ba ne, ƙyallen nan yana tsufa, wataƙila tun hannun mai gidan da ya sayar muku yake jiran ranarsa, sai ta faɗo a kan Abban yara.

Shawarata a kira mai gyara ya zo sau ɗaya, gobe in zai yiwu. Ba wai a dawo da na sati-sati ba, wannan maganar ku ce ku biyu daga baya. Dalilina shi ne tankin nan yana riƙe iska mai matsi, in aka kwance ɗamararsa ba a kashe wuta an buɗe bawul ɗin sakin iska an ga allurar agogon awon matsi ta sauka sifili ba, murfin yana iya tashi sama da ƙarfin da ya taɓa kashe mutane, haka in an mayar ba a ɗaure daidai ba. Wanda bai taɓa buɗewa ba ya tsaya kusa da wanda ya iya ya gani da idonsa sau ɗaya, ya yi tambayoyinsa, wannan ba faɗuwa ba ce, karatu ne da ya fi na YouTube. A nan ne ma zai koyi cewa ba a wankin baya don kawai Lahadi ta zo, sai allurar ta haura da 8 zuwa 10 a kan inda take lokacin da filta ke da tsafta.

In an toshe inda take bi, sauran aikin haƙuri ne kawai. A kashe inji ruwan ya kwana tsit hodar ta kwanta, da safe a zuƙe ta da na'urar zuƙa ta hannu a hankali a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai, don in an yi sauri tashi za ta yi. In bawul ɗinku yana da wurin da aka rubuta WASTE a sa a nan ruwan ya fice waje, a ƙara sabo daga famfo, in babu a bi da ita ta cikin filtar da aka gyara za ta kama abinta. Sai a goge bango da matakala da burushi a bar inji ya yi aiki dare da rana. A gwada ruwan, kulorin tsakanin 1 zuwa 3, pH, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 7.2 zuwa 7.8, don kwanakin nan da filta ba ta aiki yanda ya kamata ba hoda kaɗai ta taru a ciki ba, kuma akwai ƙwayoyin gudawa da ke jure kulorin fiye da sati. Shagunan kayan kwami da yawa suna gwada ruwa kyauta in kin kai musu a kwalba.

Ga wani wuri da nake so ke da kanki ki leƙa yau: inda ruwan wankin filta ya kwarara ranar Lahadi. In a ciyawa ne ko kan siminti, za ki ga farin tabo, kuma da zafin Teksas yanzu ya bushe ƙayau. Wannan ce hodar da ta cancanci tsoronki, don nan yara ke gudu ba takalmi, nan injin yankan ciyawa zai bi ya tayar da ita. Kar ki sa tsintsiya, kar a hura da injin hura ganye. A jiƙa ta, a kwashe da shebur tana danshi, a ɗaure a leda a sa a bola. Kar kuma a kora ta kwatar titi, garuruwa da yawa a nan sun hana, ki duba dokar naku. Buhun gareji a naɗe bakinsa a sa a bokiti mai murfi a ɗora sama. In kuma bayan duk wannan zuciyarki ta ƙi hodar kwata-kwata, akwai madadinta da ake yi da zaren itace da kuma wata da ake ce wa falayit, suna aiki a filta ɗaya, ko nan gaba in kuɗi ya samu a canza zuwa filtar da ba ta cin hoda. Wannan buƙata ce mai ma'ana, kina iya kawo ta.

Zubar da ruwan gaba ɗaya kuwa, a'a ƙanwata, a nan mijinki ya fi ki gaskiya. Garin neman gira za a rasa ido. Nauyin ruwan ne ke danne kwami a ƙasa, in aka kwashe shi a wurin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa, musamman bayan an sha ruwan sama, kwamin sukutum yana iya tasowa ya tsage kamar kwale-kwale, rana kuma ta gasa filastar ciki ta faffashe. Ga kuɗin ruwa. Kuma bayan duk wahalar, in ba a gyara filtar ba, kuna cikawa kuna kunna inji hodar za ta sake fesowa.

Taron Asabar kar ki fasa. Abinci aka gayyace su ci da zumunci, kwami ƙari ne. Ku sa wa kanku wa'adi ke da shi, Juma'a da yamma ku tsaya ku biyu a bakin ruwa, a zuga ƙasan da burushi a jira, in murfin magudana yana nan tar kuma gwaji ya yi daidai, bismillah. In bai yi ba ku tura wa iyayen saƙo a daren cewa filta ta samu matsala ba iyo gobe, a zo da kayan canzawa za a kunna wa yara mesa da abin fesa ruwa a ciyawa. Ba wanda zai ji haushi, uwar da ta ji haushi don an hana ɗanta shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa ban san irinta ba. Sai dai ki sani kwamin da aka ce ba shiga ya fi hatsari ranar taro, don kowa ya saki jiki. A kwashe ƙwallaye da balan-balan daga kan ruwa kar su ja ƙananan, a kulle. In kuma an yi iyon, a ɗora wa babba ɗaya da ya iya ruwa aikin kallo shi kaɗai, ba waya ba hira, a canza shi duk minti 15. Na san taronmu, lokacin da maza suka tayar da sallar la'asar mata kuma suka duƙufa a kicin ana zuba shinkafa ana neman murfin kula, a daidai nan ne ba ido ko ɗaya a kan ruwa, kowa yana zaton wani na can. In za a yi sallah a fito da yara duka a rufe ƙofa. Robobin hannun nan da ake hurawa kuma kayan wasa ne, ba sa hana nutsewa. In kwaminku ba shi da shinge ta kowane gefe huɗu mai tsayin aƙalla ƙafa 4 da ƙofa mai rufe kanta, toh kuɗin da aka rage na mai kula nan ya kamata ya fara tafiya, sai kuma kuɗin koyon iyo na yaran.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wai ke ce da laifi. Tsoronki ba laifi ba ne, uwa ta dawo aiki ta ga idon 'yarta jawur ta karanta ciwon daji a buhu, ko ni ce sai na rikice. Hana shiga ruwan ma daidai kika yi. Amma kalmar da kika faɗa ta yi nauyi, kuma ke ma kin sani tunda kika ce ba ki san lokacin da ta fito ba. Mutumin da yake neman rage kashe kuɗi a ƙasar da bil ke zuwa kamar ruwan sama, ya tashi ranar hutunsa yana fama da inji a rana, a ce masa so yake ya kashe 'ya'yansa, a gaban mahaifiyarsa da ta zo ganin yanda ɗanta ya zama magidanci a Amurka. Ina ganin shirun nan nasa rabi fushi ne rabi kunya, kuma ba mamaki shi ma ya je gareji ya karanta buhun bayan kin kwanta.

Ki raba abu biyun, kar ki haɗa su a zama ɗaya har ɗaya ya cinye ɗaya. Ki same shi ku kaɗai bayan yara sun yi barci ki ba shi haƙuri kan kalmar, haƙuri tsantsa ba mai wutsiyar “amma ai kai ma” ba. Ki gaya masa tsoro ne ya ɗebe ki. In ya sauko, sannan ki ce kin bincika kin gano ya yi gaskiya hodar ba guba ba ce a ruwa kuma ba sai an zubar ba, amma kina roƙon abu biyu, ba mai shiga sai an ga ƙasa, kuma a kira mai gyara sau ɗaya. Kinga kin ba shi nasa kin riƙe naki. In da hali ki biya shago a hanyar dawowa aiki ki sayo fakitin N95 ki ajiye masa a kan buhun, ko ki miƙa masa ki ce ashe kai ne ka fi mu shaƙa ban sani ba. Zai gane abin da kike nufi. Hajiya kuma tunda a gabanta aka yi, da safe in kin kai mata shayi ki durƙusa ki ce Hajiya a yafe min ranar nan hankalina ne ya tashi, shikenan, kar ki ƙara bayanin silika ko kududdufi.

In kuma kin yi duk wannan ya kafe cewa yara za su shiga a haka, toh a nan kam ba sassauci, makullin ƙofar baya ya kwana a jakarki, ki kuma nemi wani abokinsa da yake jin maganarsa, in an samu mai kwami a gidansa ya fi, ya yi masa magana namiji da namiji. Ban zaci za a kai nan ba dai.

Ki rubuto min ranar Lahadi in ji ya jikin ƙaramar da abin da aka tarar a cikin tankin. Ni dai ƙyallen nake zargi.